Yaƙin faifan da anka yi ba da mu ba: daga kaset zuwa kart memwar a ƙasar Ƙonni

 Yau filinmu na tarihi bai nufi fadar sarakuna ba. Zancen wani yaƙi ne na kasuwa, wanda anka gama ranar 19 ga Fabrairun 2008 a birnin Tokyo, tsakanin faifai biyu na kallon fim, Blu-ray da HD DVD. Na san da yawa cikinku za su ce, to mu ina ruwanmu, ko ganinsu ba mu taɓa yi ba. Gaskiya ne. Sai dai a shekarun da manyan kamfanoni ke wagga kokowa, mu ma nan bakin iyaka muna namu zaɓi. Kuma zaɓin da munka yi shi ya sa yau gidaje da dama ke da kaset ɗin auren iyayensu cikin akwati, babu na'urar da za ta buɗe shi.

YADDA KOKOWAR TA KASANCE

Farkon shekarun 2000 masu ƙera tele sunka fara fito da manyan alluna masu faɗi, waɗanda hotonsu ke da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Faifan DVD, wanda mu nan muke ce ma debede, ƙetaren iyaka su ce dibidi, giga 4.7 yake ɗauka, in an ninka shi 8.5. Bai isa ya riƙe dogon fim mai irin wagga tsabta ba. Sai injiniyoyi sunka koma ma wani haske mai shuɗi-shuɗi, wanda ya fi jan hasken da ke karanta debede siranta, shi ya sa yake iya karanta rubutu ƙanana ƙwarai a jikin faifai.

Nan anka rabu gida biyu. Sony, Panasonic, Philips da Samsung sunka tsaya bayan Blu-ray, mai cin giga 25, ko 50 in an ninka. Toshiba da NEC, da goyon bayan Microsoft da Intel, sunka tsaya bayan HD DVD, mai giga 15 ko 30. Na Toshiba ya fi sauƙin bugawa, don injinan da ke buga debede gyara kaɗan suke buƙata su koma buga shi. Na Sony ya fi ciki, kuma ya fi makullan hana kwafi, abin da ya ja hankalin wasu masu fim. An zauna sulhu a 2005, ba a daidaita ba.

Toshiba ya riga shiga fili. Ƙarshen Maris 2006 ya fito da na'urarsa a Japan, a Afrilu ta isa Amurka a kan dala 499. A watan Yuni Samsung ya fito da ta Blu-ray, kuɗinta kusan dala 1000. Dalar Amurka nike nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Ga inda mai saye ya shiga uku. Faifan wanga ba ya wasa cikin na'urar wancan, kuma kamfanonin fim su ma sun rabu. Universal bai buga sai a HD DVD. Disney da Fox da gidan fim na Sony ba su buga sai a Blu-ray. Duk wadda ka saya, akwai fina-finan da anka rufe maka ƙofarsu, kuma in naka ya sha kaye kuɗinka sun tafi. Mutane da yawa sai sunka rungume hannu, sunka ci gaba da kallon debedensu, suna jiran a gama.

A Nuwamban 2006 Sony ya fito da PlayStation 3, ya dasa Blu-ray cikinta. Kenan duk yaron da anka saya ma na'urar wasa, an shigar da Blu-ray gidansu ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. Microsoft kuwa ya bar HD DVD a matsayin ɗan akwati na daban da za ka ƙara ma Xbox 360 in kana so. A Agustan 2007 Paramount ya koma wajen Toshiba, anka ce kokowa ta dawo sabuwa. A Nuwamba kantunan Walmart sunka karya kuɗin na'urar Toshiba ƙasa da dala 100 na ƴan kwanaki. Amma ranar 4 ga Janairun 2008 Warner Bros, wanda da yake bugawa a duka biyu, ya ce zai koma buga Blu-ray kaɗai. Cikin Fabrairu Netflix da Walmart sunka bi sahu. Ranar 19 ga wata Toshiba ya ajiye. Waɗanda sunka riga sunka saya, wani babban kanti, Best Buy, ya lallashe su da takardar sayayya ta dala 50, shi ke nan.

Ku lura da abu guda. An yi ta ce ma mai saye shi ne alƙalin fili, amma kayen daga ofisoshin kamfanoni ya fito.

MI YA SA BAI ISO NAN BA

Na farko kuɗi. Dala 499 a canjin 2006 ta kai wajen jika 260 na sefa, dala 1000 kuwa ta haura rabin miliyan. A lokacin, albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a Nijar bai kai jika 30 a wata ba. Na biyu tele. In ka haɗa Blu-ray da ƴar telenmu mai ƙusumbi ta inci 14, hoton da za ka gani ba shi da wani bambancin kirki da na debede, don allon ba ya iya nuna tsabtar da ka biya. Na uku, kuma shi ne babba, mi za ka sa ciki? Mutumin Gidan Idar da ya sayar da albasarsa ya shigo Ƙonni ranar Laraba, Ibro yake nema, da Ali Nuhu, da wa'azi, da kokowa, da fim ɗin Indiya. Masu yaƙin ba su san da shi ba, shi ma bai san da su ba.

Amma kada wani ya ɗauka ba mu san rikicin na'ura ba. Mun san shi tun kafin wanga.

ZAMANIN KASET DA MANYETO

Yaƙi na farko irin wanga an yi shi a kan kaset. Sony ya fito da Betamax a 1975, JVC ya fito da VHS a 1976. Kaset ɗin Betamax na farko awa guda yake ɗauka, na VHS awa biyu, kuma JVC ya bar kamfanoni da yawa su ƙera na'urarsa. A 1988 Sony da kansa ya fara ƙera VHS. Lokacin da manyeto ya yawaita a garuruwanmu an riga an raba gardama, VHS munka tarar.

Rikicin da ya shafe mu kai tsaye wani ne dabam. Telebijin ɗin Nijar ta bi tsarin launi na Faransa, SECAM. Ta Najeriya ta bi PAL. Mu kuwa daga Ƙonni zuwa Ilela ta Najeriya ƴan kilomita ne, Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba, alhali Yamai ta haura 400. Labarai da kokowa suna zo muna daga Télé Sahel, kaset yana zo muna daga kudu. In telenka tsari guda ta sani, ɗayan sai ya fito maka baƙi da fari. Manyanmu sun tuna tambayar da ake yi ma mai kanti kafin a taya: "Tana cin duka?" Wagga tambaya ita ce darasin farko da bakin iyaka ya koya ma mai saye, kuma har yau bai manta da ita ba.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin farkon fim ɗin Hausa na kasuwa a kaset. Kafin shekara goma ta cika, harka ta kankama: a 1999 anka fara buga mujallar Fim, a wajejen nan kuma Sangaya da Wasila sunka fito, waƙoƙinsu sunka cika gidajen biki. Kaset yana tashi daga Bata da Ƙofar Wambai a Kano, ya biyo Sakkwato, ya kwana Ilela, ya ƙetaro Ƙonni, daga nan ya haura Tsarnawa, Malbaza, Badagishiri har Tawa. Wanda ba shi da manyeto yana da bideyo kulob, zana da bencina da ɗan gurup yana kuka a baya.

A wanga zamani ne kuma mai kamera ya shiga rayuwarmu. Aure, suna, saukar karatu, naɗin sarauta, dawowar alhazai, duk sai an ɗauka. Ku riƙe wanga, za mu dawo kansa.

SEDE DA DEBEDE

Faifan VCD, sedenmu, an tsara shi tun 1993, kamfanonin Philips, Sony, JVC da Matsushita sunka haɗu a kansa. Turai da Amurka ba su damu da shi ba. Hotonsa ɗigo 352 ne da 288, bai wuce na kaset ba, kuma minti 74 zuwa 80 kawai yake ɗauka, shi ya sa dogon fim sai an raba shi faifai biyu. Ƙasashen Asiya ne sunka rungume shi, masana'antun Sin sunka cika duniya da lektar mai araha. Ta hanyar Legas da Kwatano ya iso mu, kuma wajen tsakiyar shekarun 2000 ya ture kaset daga rumfunan kasuwa.

In da tsabtar hoto ake bi, da sede bai ci kasuwarmu ba, don debede ya fito tun 1996 a Japan kuma ya fi shi nesa ba kusa ba. Sede ya ci ne da abubuwan da mai saye na nan ke dubawa. Ba a mayar da shi baya kamar kaset. Ba ya naɗewa cikin inji. Ba shi da makulli ko kaɗan, duk mai kwamfuta yana iya kwafarsa cikin mintoci, kwafi na goma daidai yake da na farko, alhali kaset in an kwafa daga kwafi hoto sai ya dushe. Kuma ɗan kasuwa yana iya cusa ɗari cikin jaka guda ya hau kabu-kabu.

Debede ya shigo daga baya a hankali, babu faɗa, don lektar ɗin debede yana karanta sede. Wanda ya canza na'ura bai zubar da faifansa ba. Kamfanonin fim na Amurka sun raba duniya shiyya-shiyya don faifan wata shiyya kada ya yi wasa a wata, yawancin Afirka sunka sa ta shiyya ta 5. Lektar ɗin Sin da ke zo muna bai san wagga doka ba, abin da ka ba shi duk yana ci. Sannan ga abin da munka yi da faɗin cikin debede. Inda Bature ya sa fim guda mai tsabta, mu an matse muna goma ko ashirin cikin faifai guda, hoto yana ɓarɓashi, wani lokaci a tsakiyar faɗa ya tsaya cik. Ba wanda ya kai ƙara. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

In kun tattara, tambayoyin mai saye a nan huɗu ne, kuma ba su canza ba tun zamanin manyeto. Tana cin duka? In na ara ma maƙwabci, za ta yi a gidansa? In wuta ta ɗauke, batir ko ɗan gurup zai iya da ita? In ta lalace, akwai mai gyara a gari? Blu-ray da HD DVD duka biyu sun faɗi waɗanga tambayoyi tun ba su zo ba.

WANDA YA CI BA A FILIN YAKE BA

A daidai watannin da Sony da Toshiba ke gwada ƙarfi, wani abu ya faru a Kano. A Agustan 2007 wani bidiyo na sirri da anka ɗauka da salula ya bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth, ya tayar da ƙura a kan ƴan fim. Hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda anka kafa a 2001, ta samu sabon shugaba, Abubakar Rabo Abdulkarim, anka dakatar da ɗaukar fim na watanni, har cikin farkon 2008. Ba alhakin kowa nike son tonawa ba. Abin lura shi ne, hoton da ya girgiza masana'anta gaba ɗaya bai bi ta kaset ba, bai bi ta faifai ba, ba shi da rumfa a kasuwa.

Misali na biyu ɗan jiharmu ne. A 2008 Mdou Moctar, mai gita daga arewacin Tawa, ya je Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar. Ba wani kamfani da ya buga shi a lokacin. Waƙoƙin sun yi ta yawo cikin kart memwar, daga salula zuwa salula, har sunka kai arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya ya sa ta cikin wani kundi da ya fitar a 2011. Yau Mdou yana wasa a manyan filayen Amurka da Turai. Shekarar da Blu-ray ya ɗauki takobi a Tokyo, ɗan abin da bai kai farce ba ya riga ya fara aikinsa a hanyar Sakkwato zuwa Tawa.

Sauran kun gani da idonku. Celtel ta shigo a 2001, ta zama Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010. Orange ta zo a 2008. Wayoyin Sin masu sim biyu da ramin kart sunka cika aljihu. Lektar ya fara zuwa da ramin kile, daga baya tele da kanta ta zo da shi. Mai sharjin waya a bakin tasha ya sayi kwamfuta, ya zama mai turi: ka miƙa kart, a zuba maka fim, waƙa, wa'azi, da fassarar Indiya ta su Algaita. Daga Bluetooth anka koma Xender. A 2014 Arewa24 ta hau parabol, Daɗin Kowa ya shiga gidaje kyauta. A 2020 Izzar So ya nuna ana iya sakin fim kai tsaye a YouTube mutane su bi shi mako-mako. Ko rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 bai hana sabon fim kwana a Ƙonni ranar da ya fito ba, don ba ya biyowa ta gaban duwan.

Kart ya amsa tambayoyin nan huɗu fiye da duk abin da ya gabace shi. Yana cin duka, ana ara shi, ɗan panno ya ishe shi, in ya mutu ka sayi wani.

Shi kuwa mai takobin, bai daɗe yana murna ba. Netflix ya fara tura fim ta intanet tun Janairun 2007, ana tsakiyar yaƙin. A 2019 Samsung, wanda ya fara fito da na'urar Blu-ray, ya daina kawo sababbi kasuwar Amurka. A Satumban 2023 Netflix ya rufe aika faifai ta gidan waya. A farkon 2025 Sony ya daina ƙera faifan Blu-ray na ɗauka. Faifan yana nan wajen masu son tara fina-finai, amma bai taɓa kai inda debede ya kai ba.

SU WA SUNKA BIYA

Kada mu yi ma kanmu kirari da yawa. Araharmu wani ya biya ta. A zamanin kaset da sede, mai shirya fim a Kano yana samun kuɗinsa daga adadin da anka saya. Da kwafi ya yi sauƙi, rabonsa ya ragu. Da turi ya zo, fim guda da mutum ɗaya ya saya sai ya shiga waya dubu, mai shi bai ga ko dala ba. Wajen tsakiyar shekarun 2010 kasuwar faifan Hausa ta durƙushe, manyan diloli sunka koma wasu sana'o'i, ƴan wasa da yawa sunka shiga halin da kuke jin labarinsa. Nan gida ma, ku ƙirga rumfunan sede da kunka sani a kasuwar Ƙonni da ta Malbaza, ku ga nawa sunka rage. Mawaƙanmu na Nijar da ke buga faifai su bi tasha-tasha suna sayarwa, su ma hanyar ta toshe musu.

Akwai kuma hasara ta biyu, wadda ba a cika magana a kanta ba, ita ce ta sa na ɗauko wanga tarihi.

Duk lokacin da munka canza na'ura, abin da ke da kasuwa ne kawai ke ƙetarewa. Sangaya ya tashi daga kaset ya hau sede, ya hau kart, yau yana intanet, don akwai masu nemansa. To kaset ɗin auren iya da baba fa? Naɗin hakimin garinku? Tafsirin malamin unguwa da ya rasu? Kokowar da anka yi a filin gari bayan girbi, da wasan kwaikwayon da ƴan lakwal sunka yi ranar hutu? Waɗanga kwafi guda ne a duniya. Ba ɗan kasuwar da zai kwafe su, don ba mai saye. Suna nan inda anka bar su, cikin akwatin ƙarfe, a ɗakin da ke tafasa a watan Afrilu.

Kaset kuwa ba ya jira. Zafi da ƙura da laimar damina suna cin zarensa, yana yin fumfuna, yana mannewa. Na'urar karanta shi ma ta ƙare: kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da anka sani yana ƙera manyeto, ya daina a Yulin 2016. Wanda ya rage a hannun mutane shi ke nan, in kansa ya cinye babu sabo. Sede da mai kamera ya ƙona maka a kwamfuta ya fi na kamfani saurin mutuwa, don rini ne a jikinsa, rana tana kashe shi. Kart kuma ya fi su duka yaudara. Ba ya tsufa a ido. Rana guda waya ta ce a goge shi, ko ya faɗi cikin rairayi, ko ya tafi da wayar da anka sace. Ga na jabu da ke nuna giga 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya yi ta haɗiye tsohon abu yana karɓar sabo.

Ku gwada wani abu. Gasar kokowa ta ƙasa a Tawa anka fara ta, a 1975. Ku tambayi matashi ɗan shekara ashirin ko ya taɓa ganin Kantu ko Kadade suna kokowa da idonsa, ko sunansu kawai yake ji. Ku tambaye shi ko ya taɓa kallon fim guda na Moustapha Alassane, wanda ya yi shekaru yana zaune a Tawa, ya rasu a 2015, duniya kuma ta san shi cikin iyayen sinimar Afirka. In waɗanga manya haka ta same su, ina ga kakarka da ta yi guɗa a bikin yayarka a 1998?

ABIN DA ZA A IYA YI TUN YANZU

Wanda ke da kaset, ya fito da shi ya duba. In ka ga fari-fari kamar gari a jikin zaren, fumfuna ce, kada ka cusa shi cikin manyeto, zai ɓata kan inji ya kuma tsinke. A kai shi wajen mai gyara ya share a hankali. Mai lafiya a jera shi a tsaye, cikin inuwa, nesa da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu. Akwai ɗan abin haɗi mai araha da ke karɓar wayoyin nan uku na manyeto, ja da fari da rawaya, ya kai hoto cikin kwamfuta. Kaset na awa biyu, awa biyu zai ci, babu gajeriyar hanya.

Wanda ke da tsohon manyeto mai aiki, don Allah kada ya sayar ma ƴan gwangwan. Yau ya fi sabon dekodar daraja, don dekodar akwai shi a kanti.

Sede ya fi sauƙi. A goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi da'ira. A sa shi cikin kwamfuta, a buɗe jakar da anka rubuta MPEGAV, a kwashe abin da ke ciki. Na debede jakarsa VIDEO_TS. Ba sai an sake ɗauka ba.

In an kwafe, kada a bar shi wuri guda. Ɗaya a kwamfuta ko babban diski, ɗaya a kile, ɗaya wajen ɗan uwa a wani gari. In za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba yana matse hoton. A rubuta ma kowane suna: bikin wane, a gari kaza, shekara kaza. A zaunar da tsofaffi su kalla su faɗi sunayen waɗanda ke ciki, tun suna nan. Bayan shekara ƴan kaɗan a sake kwafewa zuwa sabon abu, don shi ma na yau zai wuce, kamar yadda na jiya ya wuce.

Sannan a ji tsoron Allah. Kaset ɗin biki akwai matan mutane a ciki, akwai waɗanda sunka rasu. Adanawa dabam, watsawa a Facebook dabam. Kada a saki sai da yardar masu shi.

Ga matasanmu masu turi a bakin tasha, wagga sana'a ce a gabanku. Kuna da kwamfuta, kun iya aikin. Wanda ya nemo manyeto guda ya rataya allo ya ce ana juye kaset, ina tabbata ba zai rasa alhazai da hajiyoyi masu zuwa da jaka ba. Kuma wanga kwafi ba ya cin haƙƙin kowa.

Hukumar UNESCO ta ware 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto. Zai yi kyau kafin ta zagayo a ce kowace unguwa ta Ƙonni, Malbaza da Ilela ta san inda manyeto mai aiki yake. Wanda ke da shi, ko ya san mai shi, ko yana da tsohon kaset na taron gari da yake ganin jama'a za su amfana, ya rubuto muna sunan unguwarsa, za mu faɗa a rediyo mu haɗa shi da masu nema.

Allah ya jiƙan magabatanmu da ke cikin waɗanga kaset, ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Sai mun ji daga gare ku.